Kirsimeti Cikin Hunturu: Murhu, Leda da Dajin da Ya Rage Mana

Da zarar Disamba ta kama, buhunan gawayi sai su ƙaru a bakin titi. A hanyar Keffi zuwa Akwanga, da ta Kachia zuwa Zonkwa da Kafanchan, ana jera su a tsaye, an cika kowanne har ya yi tozo, an toshe bakinsa da ciyawa an ɗaure. Masu motoci na tsayawa su yi ciniki, su ɗora buhu ɗaya ko biyu, domin gida na jiran baƙi, tukwane kuma za su wuni a kan wuta. Kowane buhu a cikinsu bishiya ne a kwanakin baya. Wata ƙirya ce, wata marke, wata ma kaɗanya, wadda mata ke tsintar 'ya'yanta su yi man da ake fita da shi har ƙasashen waje.

Miliyoyin Kiristoci ne ke bikin haihuwar Yesu Almasihu da harshen Hausa. Tun bayan kammala fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932, Hausa ta zauna daram a matsayin harshen sujada daga Wusasa zuwa Numan, daga Jos zuwa Biliri da Zuru, a ikilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN da LCCN da HEKAN, da na Katolika da Angilikan da Baftis. Bajju da Atyap da Birom da Angas da Bacama da Tangale da Bura, kowa da harshensa a gida, amma ranar 25 ga Disamba gaisuwar ɗaya ce: Barka da Kirsimeti. Bikin kuma yana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, an gama girbi, ciyawa ta bushe ƙayau, rafuka sun fara janyewa, iska na tafe da ƙura daga Sahara. Babu lokacin da ƙasa ta fi rauni irin wannan, kuma a cikinsa ne muke ɗora mata girkin mako guda da shararsa da hayaƙinsa.

Duk shekara jaridun Turai da Amurka na cika da shawarwarin yadda za a yi Kirsimeti ba tare da an cutar da muhalli ba, wayoyinmu kuma suna kawo mana su har ɗaka. Wace bishiya za a saya, wace takarda za a naɗe kyauta da ita, me za a yi da katin gaisuwa bayan biki. Shawarwari ne na gaskiya ga masu su. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Iyalin da ke Kagoro ko Pankshin ba su da dajin da ake noma bishiyar Kirsimeti, yaransu kuma ba su saba da kyautar da aka naɗe cikin takarda mai ƙyalli ba. Sabon ɗinki da takalmi da shinkafa da kaza suka sani. Nauyin bikinmu a kan ƙasa yana ƙarƙashin tukunya, yana cikin kwata, yana dajin bayan gari. Wanda ya damu da gaske, can zai duba.

Bishiyar falo

Al'adar kafa bishiya a cikin ɗaki daga Jamus ta taso, ta bazu a Ingila bayan an buga hoton Sarauniya Victoria da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da tasu a 1848. Har yau birnin Oslo na aika wa Landan katafariyar bishiya kowace shekara, al'adar da aka fara a 1947 don godiya kan taimakon da Birtaniya ta yi wa Norway a Yaƙin Duniya na Biyu. A can, muhawarar bishiyar gaske da ta roba tana da tushe. Cibiyar Carbon Trust ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa bishiyar roba mai tsawon mita 2 na jawo hayaƙi mai ɗumama duniya kimanin kilo 40, ta gaske mai irin wannan tsayi kuwa kilo 16 idan aka jefar da ita a juji ta ruɓe, ko kilo 3.5 idan an markaɗe ta ko an ƙone. Ma'ana, idan aka kwatanta da wadda aka markaɗe, sai ta roba ta yi Kirsimeti fiye da goma a gida kafin ta biya bashinta.

Wadda ake sayarwa a kasuwannin Jos da Kaduna da Abuja ta roba ce, kuma akasarinta daga Sin take. Birnin Yiwu kaɗai ana ƙiyasta yana samar da kusan kashi 60 cikin 100 na kayan adon Kirsimeti na duniya. Hukuncin a nan ba shi da wuya: wanda yake da ita ya kakkaɓe ta bayan biki, ya mayar da ita kwalinta, ya fito da ita baɗi da baɗin baɗaɗa. Wanda ba shi da ita bai rasa komai ba. Majami'un ƙauye sun daɗe suna ƙawata ƙofa da bagade da ganyen kwakwa ko na giginya da furannin da ke tsakar gida, kuma babu wanda ya taɓa cewa sujadarsu ta ragu.

Wutar da ke ƙarƙashin tukunya

Babbar magana ita ce girki. Tun ana saura kwana uku ko huɗu ake fara suyar cincin. Ranar jajibiri a yanka akuya ko kaji, a yi babbaka, a soya nama. Da asubar ranar biki a ɗora shinkafa a babbar tukunya, miya a wata, ga masa, ga gwate ko acca a gidajen Filato, ga kunu da zoɓo. Zumuntar mata na da nasu girkin a harabar majami'a. Kusan duk wannan a kan murhun duwatsu uku ake yinsa, ko a kan kurfoti da murhun Abaca, wanda ya samo sunansa a shekarun 1990 lokacin da kananzir ya gagari talaka.

Tarihi ya maimaita kansa. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin gas ya yi tashin da ya sa gidaje da yawa a birane suka ajiye tukunyar gas a lungu suka koma ga gawayi. Ba wanda zai ga laifin uwar gidan da ta yi haka. Ita ce ke lissafin abin da mudu zai kai da inda kuɗin makaranta zai fito a Janairu. Amma daji shi ke biyan bambancin. A ramin ƙona gawayi irin na gargajiya, ana buƙatar itace kilo biyar zuwa goma kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Sauran ya tafi a hayaƙi tun kafin buhun ya iso titi. Masu ƙonawa kuma sun fi son bishiyoyi masu tauri, waɗanda suka ɗauki shekaru da dama suna girma, domin gawayinsu ne ke daɗewa a kurfoti. Murhun duwatsu uku shi ma yana zubar da yawancin zafinsa ta gefe, kaɗan ne ke shiga tukunya.

Akwai kuma abin da ya fi bishiya kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Macen da ta tsaya kan murhu daga asuba zuwa la'asar ranar Kirsimeti, da goyo a bayanta, ita ce ta fi kowa shaƙa. Sau da yawa ita ce kuma ba ta samun shiga sujadar safe. Idan za a yi wa'azin kula da halitta a wannan rana, da ita ya dace a fara.

Mafita ba sabuwa ba ce, kuma ba daga nesa take ba. A Kaduna, ƙungiyar DARE ta shafe shekaru tana yaɗa murhun ƙarfe mai suna Save80 tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus. Sunansa daga aikinsa ya fito: yana rage itacen da ake ƙonawa da kusan kashi 80 cikin 100, da 'yan ƙirare yake aiki. Yana zuwa da wani mazubi mai riƙe zafi, inda ake sauke tukunyar shinkafa ko wake bayan ta tafasa, a rufe, ta ƙarasa nuna da kanta ba tare da wuta ba. Dabarar nan ta biyu ko ba a sayi komai ba ana iya yinta: babban kwando, tsofaffin barguna ko tsummokara masu tsabta, a naɗe tukunyar da kyau a bar ta. A ranar da ake dafa shinkafa mudu goma, itacen da wannan zai ceto ba kaɗan ba ne. Murhun laka da ake ginawa da bango kewaye da wuta shi ma yana rage cin itace, kuma magina tukwane na iya yinsa.

Matsalar murhu mai inganci ita ce kuɗinsa a tashi ɗaya. A nan nake ganin ikilisiya na da abin yi wanda ya fi wa'azi. Zumuntar mata ta iya adashe fiye da kowa. Da shi take sayen zanen anko da kujeru da manyan tukwanen da ake ara wa masu biki. Idan manyan murhu biyu masu rage itace suka shiga cikin kayan zumunta, ana aronsu kamar yadda ake aron tukwane, za su yi aiki a Kirsimeti da Ista da kowane aure da kowace jana'iza. Gidaje uku ko huɗu na dangi da ke unguwa ɗaya kuma za su iya haɗa suyar cincin da nama a wuta guda, kamar yadda ake yi a da kafin kowa ya ja katangarsa.

Sai babbaka. A mahauta da bayan gidaje, an saba ƙona tsohuwar taya don babbake fata da kai da ƙafa, saboda wutarta na da ƙarfi kuma kusan kyauta ce. Baƙin hayaƙin na ɗauke da guba, wani ya hau iska, wani ya zauna a jikin naman da za a ba yara. Kara da ƙirare sun isa babbake akuya. Wannan abu ne da mai gida zai iya hanawa da kalma ɗaya a lokacin da yake miƙa dabbarsa ga mahauci.

Kwanon da ke komawa gida

Mafi kyawun abin da Kirsimetin Arewa ke da shi, a ganina, shi ne kwanon maƙwabta. Da hantsi yara za su fito cikin sabon ɗinki, kowanne da langa ko samira ko kula a ka, suna kai shinkafa da nama gida-gida, har gidajen Musulmi, waɗanda su ma za su rama da Sallah. A Kaduna, birnin da rikici ya raba unguwanninsa, an san yadda Musulmi ke zuwa cocin Fasto Yohanna Buru kowace Kirsimeti don taya murna. Kwanon da aka kai ba ya zama a can. Ana juye abincin, a wanke, a dawo da shi, sau da yawa da ɗan tukuici ga yaron ko wani abu a ciki. Kwano ɗaya na iya yin shekara ashirin yana wannan zirga-zirga.

Yanzu robar tekawe da farin kwanon soso da baƙar leda suna ƙwace wannan aiki. Sun fi sauƙi, gaskiya ne: babu wanki, babu cigiyar murfi, babu jiran a dawo da kaya. Amma abin da ba ya dawowa gida, kwata yake tafiya. A yi lissafin taron majami'a mai mutum 300. Kowa ya sha fiya wata biyu, leda 600 ke nan, jaka 30. Ga robar abinci 300, cokalin roba 300, da kwalaben lemo. Taro ɗaya ke nan, a majami'a ɗaya, a rana ɗaya, cikin makon da ke ɗauke da daren waƙoƙi da ranar biki da kashegari da bukukuwan aure da taron ƙungiyoyin ci-gaban ƙauye da daren shiga sabuwar shekara. Iskar hunturu za ta kwashe ledar ta rataye a ƙaya da shinge. Wadda ta faɗa kwata za ta jira ruwan farko ta toshe hanya. Wadda aka tara aka cinna wa wuta za ta koma huhun masu gida. Wadda ta kai juji kuwa, da ɗanɗanon mai da gishiri a jikinta, awaki da shanu ne za su haɗiye ta. Mahauta sun san dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin dabba. Dabbar da ta cika cikinta da shi tana ramewa ko da abinci a gabanta. Akuyar Kirsimetin baɗi tana kiwo a jujin Kirsimetin bana.

Gwamnatoci sun fara motsi. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, Jamhuriyar Nijar ta kafa tata dokar a 2014, ko da yake duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san doka daban, aiki da ita daban. Jihar Legas ta haramta kwanon soso a Janairun 2024, gwamnatin tarayya kuma ta hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ofisoshinta a cikin shekarar. Arewa kuwa ba sai ta jira doka ba. Majami'ar da ke da kujeru 300 za ta iya mallakar faranti 300 da kofuna 300 na silba. Matasa da 'yan Boys Brigade da Girls Brigade suna nan don wanki. Bai kamata a sake jibga wannan a kan matan da suka yi girki ba. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya a manyan kuloli sun fi lemon kwalba araha, kuɗinsu kuma yana zama a hannun manomin yakuwa da gero da citta, cittar da Kudancin Kaduna ta yi suna da ita. Ruwa kaɗai ke buƙatar kula: fiya wata ta samu karɓuwa ne saboda mutane ba su yarda da ruwan rijiya da na famfo ba, don haka duk wanda zai maye gurbinta dole ya kawo ruwan da aka tafasa ko aka tace, a mazubi mai murfi da famfo. In ba haka ba an gudu daga leda an faɗa wa taifot.

Kwalaben da suka riga suka shigo kuwa suna da masu nema. Masu kunu da masu man gyaɗa na sayensu, 'yan gwangwan na karɓar gwangwani. A Sabon Yelwa kusa da Kaduna, har gida aka gina a 2011 da kwalaben roba da aka ɗura wa yashi. Abin da ake buƙata shi ne buhu biyu a bakin ƙofa maimakon ɗaya, da mutum guda da aka ɗora wa alhakinsu.

Ragowar abinci a shekarar yunwa

A Disambar 2024, cikin 'yan kwanaki, mutane suka mutu a turmutsutsun karɓar abinci da kyauta a wurare uku: yara 35 a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, mutum 10 a harabar wani cocin Katolika a Maitama, Abuja. Duk wanda zai yi maganar muhalli a Kirsimetin Najeriya ya riƙe waɗannan alƙaluma a ransa. Yawancin gidaje ba su da abin zubarwa. Kiran a rage biki ba nasu ba ne, kuma rashin kunya ne a kai musu shi. Yaron da ya shekara yana jiran cinyar kaza ya ci abinsa.

Amma a wasu gidajen da wuraren liyafa ana kwashe shinkafa da bokiti a kai juji ranar 26 ga wata, domin an dafa fiye da kima don kada a ce an gaza, wutar lantarki kuma ba ta tsaya ta riƙe firji ba. Kowace ƙwayar da aka zubar ta sha ruwan fadama da taki da man injin casa da itacen girki. Linjilar Yohanna, a sura ta 6, ta ba da labarin ciyar da mutum dubu biyar, kuma labarin bai ƙare ba sai da aka tattara ragowar har kwando goma sha biyu. Masu wa'azi sun fi tsayawa a kan yawaitar gurasar. Tattarawar ma darasi ce. A dafa daidai, a raba da wuri tun abincin na da zafi, a san gidajen gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira kafin ranar, a kai musu har ƙofa maimakon a tara su a fili suna turereniya. Nama kuwa kakanninmu sun san yadda ake ajiye shi ba firji: a soya shi ya bushe, a yi dambu, a yi kilishi.

Ragowar da aka watsar a bayan gida tana kiran ɓera, ɓera kuma shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, a jikin ma'aikatan jinya na mishan. Lokacin rani ne take tsananta, daga Disamba zuwa wajen Afrilu. Ɓawon doya da na albasa da kayan cikin kaji, rami za a haƙa musu a rufe da ƙasa. Kafin damina sun zama taki.

Hayaƙin dare

A makonnin biki ne samari suka koma ƙauye, makaranta a rufe, sai a shiga farauta. Hanya mafi sauƙi ta fito da gafiya da zomo ita ce cinna wa ciyawa wuta. Da iskar hunturu a bayanta, wutar ba ta tambayar iyakar gona. Tana cin dawar da ba a kwashe ba, da harawar da makiyayi ke dogaro da ita, da amya, da ƙananan bishiyoyin da suka tsiro da damina. Naman da aka samo bai kai kwano ɗaya ba. A yankunan da manoma da makiyaya ke zaman ɗar-ɗar, ƙonewar wurin kiwo ɗaya na iya zama mafarin abin da ba a san ƙarshensa ba. Sanarwa daga bakin mai unguwa da fasto da limami a mako guda ta fi kowace doka tasiri a kan wannan.

Nokawut da ƙona taya a mararraba daren sabuwar shekara su ma na wannan layi ne. Rundunonin 'yan sanda na jihohi da dama na sanar da haramcin nokawut kusan kowace shekara, ana kuma ci gaba da sayar da shi a fili. Ban da hayaƙi da gobara a lokacin da komai ya bushe, akwai abin da ƙararsa ke yi wa zuciya. Mutanen Bokkos da Barikin Ladi da suka tsira daga hare-haren jajibirin Kirsimetin 2023 ba sa jin wannan ƙara a matsayin wasa.

Janareta na cin mai dare da rana a makon biki. Fitilun ado na LED suna cin ƙasa da rubu'in wutar da tsofaffin ƙwayaye ke ci, ƙaramin faifan sola da batir kuma na iya riƙe su har da lasifikar ƙaramar majami'a. Abu ɗaya dai ba a sassauci a kansa: kada a kwana da janareta a cikin gida ko a baranda mai rufi, kada kuma a shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe taga don sanyin Jos ko Mambila. Iskar da ke kisa a nan ba ta da wari, kuma iyalai sukutum sun tafi a cikin barci ta wannan hanya. Tafiya gida kuwa ba abin da za a hana kowa ba ne. Ita ce bikin. Mota ɗaya cike da 'yan uwa ta fi uku da mutum bibbiyu, ga mai ga aljihu, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma ya fi su duka.

Abin da Maraɗi ta koya

Ikilisiya ba baƙuwa ba ce a wannan zance. Littafin Farawa ya nuna aikin farko da aka danƙa wa mutum shi ne noma gonar Aidan da kiyaye ta. A 2015 marigayi Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa ta Laudato Si', wadda ta ɗaure kukan ƙasa da na matalauta wuri guda, watanni kaɗan kafin yarjejeniyar yanayi ta Paris. A Habasha, inda ake Kirsimeti ranar 7 ga Janairu, akwai yankunan da dajin asali bai rage ko'ina ba sai kewayen majami'un Orthodox. A nan gida ma, sujadar farko da ta haifi EYN a Garkida a 1923 ƙarƙashin tsamiya aka yi ta.

Saboda haka ana yawan ba da shawarar a dasa bishiya ranar Kirsimeti. Niyyar tana da kyau, lokacin ne bai dace ba. Dashen da aka sa a ƙasa a ƙarshen Disamba yana da wata huɗu ko biyar na rani a gabansa, da zafin bazara, da awakin da aka saki bayan girbi. In ba a bakin rijiya yake da shinge da mai ban-ruwa ba, hoton ranar dashe ne kaɗai zai rage.

Wani ɗan mishan na SIM, ƙungiyar da ta haifi ECWA, ya koyi wannan a wahalce. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 yana dasa bishiyoyi, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace shekara, tohon kututturan bishiyoyin da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin kawai shi ne a zaɓi reshe mafi ƙarfi ɗaya ko 'yan kaɗan a kowane kututture, a rage sauran, a kare su daga wuta da gatari da dabba. Manoman Maraɗi da Damagaram, Hausawa Musulmi akasarinsu, su suka ɗauki dabarar suka yaɗa ta gona zuwa gona, suna kiranta sassaben zamani. An ƙiyasta ta farfaɗo da hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200 a Nijar, aikin da ya sa aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Cikin bishiyoyin da suka dawo har da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi kore shar da rani, daidai lokacin Kirsimeti, yana ba dabbobi abinci yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Wannan aiki ne da ya dace da makon biki, domin a lokacin ne hannaye suka taru a ƙauye. Dazuzzukan da aka ƙona gawayinsu cike suke da kututturan ƙirya da marke da kaɗanya masu toho. Taron ƙungiyar ci-gaban gari, wanda dama ake yi tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, zai iya ware safiya ɗaya a zaga gonakin iyali da filin majami'a da na makaranta, a gyara toho, a share ciyawa kewaye da su don wuta ta tsallake, a kuma yanke tarar wanda ya sare. Yaran makarantar Lahadi su tattara ledojin fiya watan da aka sha, a huda, a cika da ƙasa da taki, a shuka ɗorawa da tsamiya da mangwaro da zogale, ko atili a tsaunukan Filato, a jera su a inuwa kusa da rijiyar majami'a inda ban-ruwansu bokiti biyu ne. Dashe sai Yuni ko Yuli, bayan ruwa ya zauna. Abin da ya rage shi ne a rubuta sunan wanda zai yi ban-ruwan daga Janairu zuwa saukar damina, a kuma cire ladansa daga baikon ranar Kirsimeti tun kafin baƙi su koma birni.